Lamba a Wuyan Riga

A cocinmu na Sabon Tasha ba a ɗaura aure sai an yi sanarwa sau uku, Lahadi uku a jere. Bayan wa'azi Fasto zai gyara tabarau, ya karanta sunan saurayi da na budurwa, sannan ya ce duk wanda ya san wani dalilin da zai hana auren nan ya same shi a ofis kafin Lahadi mai zuwa. Tun ina ƙarama nake jin wannan maganar, ban taɓa ganin wanda ya je ofishin ba. Mukan ɗauke ta kamar amin, abin da ake faɗa don a wuce gaba.

An yi sanarwata ta farko a daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare, ina cikin mawaƙan coci, ina kuma da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki. Ba waƙoƙin rerawa ba, na ajiyewa ne. Ruwan sama a kan kwano, kogin Kaduna in ya cika ya yi ja, irin waɗannan abubuwa. Mamata takan ce in aka aike ni sayen gishiri sai na tsaya na gaisa da gajimare tukuna.

Wanda zan aura dogo ne, mai magana a hankali, shugaban masu gadi a wata masaƙa. Duk unguwa Oga Soja ake ce masa. Ni kuma Malama yake ce mini. Ya gaya mini ya yi shekara bakwai a soja, ya je Laberiya da masu kiyaye zaman lafiya, an sallame shi saboda rauni. A damtsen hannunsa na dama zuwa wuyan hannu akwai tabo uku, kowanne kamar ganyen lemo, mai tsini a gaba. Ya ce bakin bindiga ne, in ta sha harbi takan yi zafi har ta ƙone mai ita. Na taɓa ɗora yatsa a kan ɗayansu na ji tausayi ya cika mini ciki.

Abu biyu suka ja ni gare shi. Na farko, teku. Ban taɓa ganin teku ba, shi kuwa ya iya ba da labarinsa: yadda yake numfashi da dare, yadda gishirinsa ke manne wa mutum a leɓe, yadda jirgin ruwa ke zama ɗan ɗigo kafin ya ɓace. Waƙa bakwai na rubuta a kan tekun nan. Na biyu, kayansa. Ban taɓa ganin namijin da kayansa ke tsayuwa a jikinsa haka ba. Karin gugar wandonsa kamar zai yanka hannu. Ya ce a soja aka koya masa. Da ya ga yadda nake yamutsa rigar mawaƙa, sai ya fara karɓarta duk Alhamis, ya dawo da ita Juma'a a ninke, tana ƙamshin sitaci da gawayi. Wata rana na juya wuyan rigar na ga ya rubuta harafin farko na sunana da tawada, ƙarami, da ɗigo a gefe. Na ɗauka saƙon soyayya ne. Wannan ma na yi masa waƙa.

Babana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya saurin yarda da mutum. Samari biyu ya kora kafin wannan. Amma da ya ji cewa tsohon soja ne, sai ya ce, “Wanda ya riƙe bindiga don ƙasa zai iya riƙe gida.” Shi ke nan aka sa rana.

Litinin ɗin da ta biyo bayan sanarwar farko muka shiga bas za mu kasuwa duba atamfar anko. A zamanin soja akwai wata al'ada: in aka zo karɓar kuɗin mota, soja sai ya ce “Staf,” a wuce shi. Ko da kaki ko babu. Sau da yawa na ji saurayina ya faɗa, ban taɓa ganin an musa masa ba. Ran nan ma ya ce, “Staf,” ko kallon mai karɓa bai yi ba.

Direban wani dattijo ne mai furfura a gemu. Sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya juyo.

“Staf na ina, Oga?”

“Ka ji abin da na ce.”

“Na ji. Kai ne ba ka ji rediyo ba. Sun koma bariki. Nuna kati, ko ka biya kamar kowa.”

Wata mata mai kwandon tumatir a cinya ta kwashe da dariya. “Yau farar hula ta yi baki! Direba, Allah ya ja zamaninka!”

“Shekara nawa ina ɗaukar staf kyauta,” in ji direban. “Har akuya in ta shigo sai in jira in ji ko za ta ce staf.”

Mota ta ɗauki dariya. Wani mutum a kujerar baya, mai ƙaton wuya, ya leƙo ya ce, “Ɗan'uwa, wace bataliya?”

Ni na zaci zai tashi da faɗa. Na sha ganin soja ya fito da direba ta taga a kan abin da bai kai wannan ba. Har na kama hannun rigarsa don in ba shi haƙuri. Amma bai yi faɗa ba. Ya zaro kuɗi da sauri ya miƙa, ya juya fuskarsa waje, bai amsa wa mai ƙaton wuyan ba. Abin da na gani a fuskarsa ba fushi ba ne. Irin abin da nake gani ne a fuskar ɗalibi in na ce ya kawo littafin aikin gida, alhali ya san bai yi ba.

Na ce wa kaina kunya ce, an yi masa dariya a gaban budurwarsa. Na yi ta faɗa wa kaina haka har muka sayi atamfa muka dawo. Amma abin ya zauna mini kamar tsakuwa a takalmi.

Da ya raka ni ƙofar gida na ce, “Wai ina takardar sallamarka? Da ka riƙa yawo da ita saboda irin waɗannan.”

“Ta tafi da akwatina a tashar jirgin ruwa a Legas. Ai na gaya miki.”

Bai taɓa gaya mini ba. Na yi murmushi na ce, “To faɗa mini lambarka ta soja. Ina so in sa ta a waƙa.”

Rabin maganar gaskiya ce. Ya yi dariya ya karanto ta tiryan-tiryan, ba gargada, kamar mai karanta addu'ar Ubangiji. Na ji sanyi a raina. Na shiga ɗaki na rubuta ta a shafin ƙarshe na littafina. Da bakwai ta ƙare. Na ciro hotonsa da nake ajiyewa cikin Littafi Mai Tsarki, yana sanye da kaki, babu hula, yana tsaye gaban wani labule. Na daɗe ina kallonsa ina roƙon gafararsa a zuci.

Lahadi ta biyu aka sake karanta sunayenmu. Bayan an tashi muka kama hanyar Kakau, domin a gidanmu dole a kai saurayi ya gaida kawu kafin aure. Kawuna yayan Mama ne, ya yi yaƙin basasa tun kafin a haife ni, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji, ya koma gona. Mun same shi a gindin mangwaro yana ɗaure ƙotar fartanya.

Saurayina ya so ya burge shi. Ya taka zuwa gabansa, ya buga ƙafa a ƙasa har kaji suka watse, ya sara masa. Ni abin ya yi mini kyau ƙwarai. Kawu ya ɗaga kai ya dube shi, tun daga kansa marar hula har zuwa takalminsa. Bai mayar da gaisuwar ba.

“Zauna, ɗana,” ya ce. “Lamba?”

Ya karanto ta, tiryan-tiryan kamar wancan karon. Ina zuba musu kunu a lokacin. Wannan karon da huɗu lambar ta ƙare. Tun daga tsakiya ma ba ita ba ce, na san haka domin sau da yawa na buɗe shafin nan cikin makon har na haddace. Kunun ya zube a gefen kofi, matar Kawu ta ce, “Amarya, tun yanzu hannu ya fara rawa?”

Sun yi hira mai tsawo. Duk abin da Kawu ya jefa, sai ya cafe. Ya san yadda ake yi wa kurtu aski, ya san waken da ake dafawa da ƙwari a ciki, ya san laƙabin da ake yi wa saje mai mugunta, ya san waƙoƙin gudun safe. Har suka rera ɗaya tare, Kawu yana buga ƙotar fartanya a ƙasa. Na fara cewa ko ni ce na ji ba daidai ba.

Da za mu tafi Kawu ya ce in biyo shi bayan gida in karɓi rogo in kai wa Mama. Muna kaiwa wurin rumbu ya tsaya.

“'Yata, a ina kika samo shi?”

“A coci, Kawu.”

“Ɗaga murya, wannan kunnen na bar shi a daji.”

“A coci!”

Ya gyaɗa kai. “Soja ba ya sara wa kowa da kai babu hula. In babu hula, ƙamewa ake yi, hannu a gefe, shi ke nan. A makon farko ake koya wa kurtu wannan, da tsallen kwaɗo ake koya masa. Ni na yi tsallen kwaɗo a kansa har na yi amai. Kai yana mantuwa, amma jiki ba ya mantawa.”

“Wataƙila ya daɗe da barin aikin ne.”

“Ya fi ni daɗewa?”

Sai na gaya masa maganar lambar. Ya ajiye rogon da ke hannunsa. Ya rufe ido ya karanto tasa, wadda aka ba shi yana saurayi, ya buɗe ido. “Ranar da za a binne ni, ki sunkuya ki tambaye ni, zan faɗa miki. Soja yana iya manta sunan matarsa. Lamba ɗaya gare shi, ita ce sunansa.”

“To Kawu, ƙarya yake yi ke nan?”

“Ban ce ba. Yaron nan ya san bariki kamar tafin hannunsa. Ya zauna a cikinta, wannan babu shakka. Ta wace ƙofa ya shiga, shi ne ban sani ba.” Ya ɗaure bakin buhun. “In kin je ofis za su ce ki kawo takarda, ki dawo gobe, ki dawo jibi, har ki haifi na fari. Je ki kasuwar barikin da ya ce ya zauna. Matan kasuwa ba sa neman takarda.”

A mota muna dawowa ya yi ta yabon Kawu. Ni kuwa ina kallon gonakin masara suna wucewa, ina lissafin cewa saura kwana bakwai a yi sanarwa ta uku. In aka yi ta, sai ɗaurin aure.

Kwana biyun da suka biyo baya ban ji daɗin kaina ba. Zato abu ne mai ƙazanta, duk abin da ya taɓa sai ya bar shaida. Ya zo gaishe ni ran Talata, na tsinci kaina ina kallon ƙafar da yake fara takawa da ita. Ya ce ya ci tuwo a wurin aiki, na ce a raina, ko shinkafa ce? Ya ce mahaifiyarsa tana gaishe ni daga ƙauye, na ce a raina, akwai ta kuwa? Ni da nake ganin alheri a fuskar kowa, har Mama tana mini faɗa a kai. Na buɗe littafina don in yi rubutu, ba abin da ya zo. Sai shafin ƙarshe nake komawa.

Ran Laraba da aka tashi makaranta na ce wa Mama zan je wurin tela. Ƙaryata ta farko ke nan a cikin maganar, kuma ban manta cewa ni ma na yi ba. Na sa hoton a jaka, na hau bas, na tsallaka gada. Kogin ya cika, ya yi ja, amma ran nan ban ga waƙa a cikinsa ba.

Kasuwar bariki, wadda suke kira mami, tana jikin katangar barikin. Rumfuna ne na kwano, hayaƙin kifi, rediyo ko'ina, sojoji zaune da hula a gwiwa. Na yi zagaye biyu ban iya tsayar da kowa ba. Me zan ce? A zagaye na uku wata mai gasa kifi, babbar mace mai ɗaurin ƙirji a kan riga, ta kira ni.

“Ke 'yammata, tun ɗazu kina yawo kamar kazar da aka sayo yau. Wa kike nema? In mijin wata ne, ki faɗa mini tun da wuri in nuna miki hanyar gudu.”

Na gaishe ta na ce, “Mama, wani nake tambaya. An ce ya zauna a nan.” Na miƙa hoton.

Ta goge hannu a zane, ta nisanta hoton da idonta. Sai ta buga cinya.

“Kai! Dogon nan mai wanki! Yana nan da rai? Maman 'yan biyu, zo ki ga mai wankinmu!”

Maƙwabciyarta ta bar tukunya ta zo. Suka haɗa kai a kan hoton suna dariya irin ta murna, ba ta mugunta ba.

“Dubi yadda ya tsaya kamar kwamanda.”

“Tsaya ma tukuna,” in ji mai kifin. Ta matso da hoton. “Wannan ai kakin maigidana ne. Ga aljihun da na ɗinke da baƙin zare, koren ya ƙare mini. Ɗan banza! Ashe shi ya sa ran nan ya kawo kayan a makare.”

Na ce, “Mama, ba soja ba ne?”

“Soja? Sau uku ya je ɗaukar kurtu, sau uku suka dawo da shi. Wai tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake. Na ukun ya zauna a nan, a kan bencin nan, ya yi kuka kamar yaro. Ni na ba shi kifi.” Ta dube ni da kyau. “Zo ki ga wurinsa.”

Ta ja ni bayan rumfuna zuwa wata rumfa mai tsawo. Kakin soja a rataye jere-jere, tebur biyu da bargo a kai, wani tsoho yana hura gawayi a dutsen guga. Ta ɗauki wata riga ta juya wuyanta. Ga lamba an rubuta da tawada, ƙarama, da ɗigo a gefe.

“Kaki duk iri ɗaya ne,” ta ce. “In ba a rubuta lambar mai shi ba, ya za a yi a gane? Sauran masu wanki sai sun duba. Shi kuwa dogon nan duk a kansa suke. Ya ga mutum daga nesa sai ya kira lambarsa, ya ciro masa kayansa. Bataliya guda a kansa.”

Tsohon mai gugar ya ɗaga dutsen ya kaɗa shi a iska don wutar ta kama. Hannun rigarsa a naɗe yake. A damtsensa na ga tabo, ba uku ba, sun fi biyar, kowanne kamar ganyen lemo, mai tsini a gaba.

Na tambaye su maganar Laberiya. Tsohon ne ya amsa, bai daina guga ba. Ya ce da bataliyar ta tafi, aiki ya yi ƙasa har suka riƙa wanke zannuwan matan bariki. Da suka dawo, waɗanda suka dawo, nan rumfar suke zama suna jiran kayansu suna ba da labari. “Shi kuwa akwai kunne. Yana guga yana sha. In sun tafi sai ya maimaita mana, har ya fi masu labarin iyawa.”

Mai kifin ta raka ni har bakin titi. “Me ya yi miki? Faɗa mini gaskiya.”

“Bai yi mini komai ba, Mama. Aure za mu yi.”

Ta ce, “Mutumin kirki ne. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba, bai taɓa taɓa abin da aka manta a aljihu ba.” Sai ta ɗan yi dariya. “Ko ba komai, 'yata, ba za ki taɓa fita da yamutsattsen zane ba.”

Abin da ya ba ni mamaki a hanyar dawowa shi ne ban yi kuka ba. Wani sauƙi ma na ji. Ashe hannun nan bai taɓa kashe kowa ba. Na yi ta ganinsa zaune a bencin mai kifi yana kuka, na ji ina son wannan mutumin fiye da wanda ya buga ƙafa a gaban Kawu. Kafin mu sauka daga gada na yanke shawara. Zan aure shi. Sharaɗi ɗaya ne: ya faɗa mini da bakinsa. In ya faɗa, mu je wurin Baba tare, in tsaya a gefensa, a yi sanarwa ta uku ran Lahadi.

Ran Alhamis ya aiko aka karɓi rigar mawaƙa kamar kullum. Ran Juma'a da la'asar ya kawo ta da kansa. Hadari ya haɗu ta gabas, Mama tana kwashe shanya. Muka zauna a kan benci a baranda. Na karɓi rigar, na juya wuyanta, na ɗora a cinyata yadda zai ga harafin.

“Na je mami shekaranjiya,” na ce. “Mai kifi tana gaishe ka. Ta ce ka kawo kakin maigidanta a makare.”

Bai motsa ba.

“Na ga rumfar. Na ga tsohon da kuka yi aiki tare, na ga hannunsa. Ka saurare ni da kyau. Ba na ƙin mai wanki. Wallahi ban ƙi ba. Ni dai ka faɗa mini da bakinka, sau ɗaya, mu shiga wurin Baba yanzu, yana ciki. Ni zan fara magana in kana so.”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ruwa ya fara ɗigowa ɗaya-ɗaya a kan kwano. Na ga leɓensa ya buɗe, na ga maganar ta zo har bakin ƙofa. Har yau na yi imani saura kaɗan ya faɗa.

Sai ya waiga hagu da dama, ya matso, ya rage murya.

“Malama, akwai abin da ba a faɗa wa farar hula. Amma tunda kin kai nan. Aikin asiri aka sa ni. Wankin nan rufa-ido ne, don in ji abin da sojoji ke faɗa. Shi ya sa kika ji lamba biyu. Mu irinmu ba a ba mu ɗaya.”

Ya faɗe ta da kyau. Ya iya. Kuma abin kunyar shi ne, wani ɓangare na zuciyata ya miƙe tsaye yana so ya karɓa, domin labari ne mai daɗi, ni kuwa mai son labari ce. Na ga yadda zai kasance: shekara arba'in ina zaune a gefensa, duk ramin da na gano ya rufe shi da sabon labari, ni kuma ina rubutawa.

Na ce, “Tekun fa? Ka taɓa ganinsa?”

Ya dube ni ido cikin ido. “Kamar yadda nake ganinki yanzu.”

Na ce masa ruwa zai sauko, gara ya tafi kada kayansa su jiƙe.

Da ya tafi na shiga wurin Baba na durƙusa na gaya masa duka, tun daga bas har zuwa baranda. Ya kashe rediyo. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce in rufa wa gida asiri tunda an riga an yanka anko. Ya daɗe yana murza goshi.

“Da ya zo mini a mai wanki,” ya ce, “da ban bar shi ya zauna a kujerar nan ba. Ya san haka. Wannan kason nawa ne.” Ya yi ajiyar zuciya. “Amma ke kin buɗe masa ƙofa bai shiga ba. Me kike so a yi?”

Na gaya masa.

Asabar da safe na je ofishin Fasto. Ya tarbe ni da fara'a. “Amarya! Kin zo duba waƙoƙin ranar?”

“A'a, Baba Fasto. Kun ce wanda ya san dalili ya zo.”

Ya cire tabarau. “Wa ya aiko ki?”

“Ba kowa. Ni ce mai dalilin.”

Na faɗa masa abin da ya isa, na roƙe shi kada maganar ta kai masaƙa, domin da sunan tsohon soja aka ba shi aikin, ni kuwa ba abincinsa na zo karɓewa ba. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Ya ce a shekarun da ya yi yana aikin nan, ni ce ta farko da ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar a kan wannan. Ya yi mini addu'a, ya ɗauki biro ya ja layi a takardar da ke gabansa.

Ran Lahadi na tsaya a layin mawaƙa, a gaba inda kowa ke ganina. Bayan wa'azi Fasto ya gyara tabarau. Ya karanta taron zumuntar mata, ya karanta aikin gayya na share harabar coci, ya karanta sunan wani dattijo da ke kwance a asibiti. Sai ya ninke takardar ya ce a buɗe littafin waƙa. Na ji shirun ya bi benci-benci. Mutane suka fara waiwayowa, mata tukuna. Wurin da saurayina yake zama, kusa da taga ta uku, babu kowa. Wadda ke gefena ta taɓa ni da gwiwar hannu, ban juya ba. Na buɗe baki na kama waƙar, muryata ta fito, ko da yake ba ta da ƙarfi.

Rigar da ke jikina ita ce wadda ya kawo ran Juma'a. Ba ni da wata. Karin gugar nan sai da aka wanke ta sau uku kafin ya kwanta.

Bayan wata biyu na ji ya koma wani coci a Unguwar Sanusi, kuma can ma Oga Soja ake ce masa. Ban bi sawu ba. Waƙoƙin teku bakwai suna nan a littafin, ban yage su ba. Na sha niyyar yi, sai in tuna cewa wani ya ga tekun nan da gaske, wani soja da ya zauna a rumfar wanki yana jiran kakinsa, wanda ban san sunansa ba. Wataƙila lambarsa ce ma a shafin ƙarshe, mai ƙarewa da bakwai.